Rigar Sirdin Keken Sajo

Da kakar gyaɗa Sajo ya sayi keke ƙirar Rali, ya taka shi daga Getso har Yamai, can ƙasar da Faransa ke mulka, ya dawo a rame kamar karan dawa. Ko gida bai leƙa ba, ya zarce ƙofar gidan su Asta yana kaɗa ƙararrawa, don ta ce sai ya dawo zai ji ko ya turo manya.

Ta gaishe shi, amma idonta na kan sirdi. Jar rigar da ta saƙa masa babu, wata shuɗiya ce a wurin.

"Malam Sajo, wace gwana ce ta yi maka wannan?"

"Wata tsohuwa ce a Maraɗi, haƙorinta ɗaya."

"Har bakinta ka tsaya leƙawa ke nan. Ina tawa?"

Sai ya cire hula. Ga jar rigar a ninke a tsakar kansa, zufa ta jiƙa ta.

"Na kasa zama a kan aikin hannunki, Asta."

Ta sunkuyar da kai kada ya ga murmushi, ta fizge shuɗiyar daga sirdin.

"Ka turo su Baba. Wannan kuwa, da ma Inna na neman tsumman sauke tukunya."