Ranar Da Baba Ya Rusuna Wa Amininsa

Har yau ƙamshin gasasshiyar masara yana mayar da ni tsakar gidanmu na Makera, wani yammaci.

Tanaka, injiniya ɗan Japan a masaƙar da Baba ke aiki, amininsa ne. Duk zuwansa gidanmu Baba kan daki kafaɗarsa ya ce "Ossu," gaisuwar samarin Japan, su fashe da dariya.

Ran nan Tanaka ya shigo da masara a leda, bayan an sallami Baba daga aiki shi kuma Tanaka bai sa baki ya kare shi ba. Ya miƙo hannu yana murmushi. Baba ya tashi tsaye, ya rusuna sosai, ya jero masa doguwar gaisuwar Japananci mai taushi, irin ta manyan baƙi.

Murmushin Tanaka ya ɗauke. Ya ajiye ledar, ya fita ko waiwaye babu.

Na ce, "Baba, ai girmama shi ka yi."

"A'a, 'yata," in ji shi. "Baƙo na mayar da shi."

Masarar ta huce ba wanda ya taɓa. Har na girma, in masoyina ya cika mini ladabi, gabana faɗuwa yake yi.