Jan fegin da Baba ya tumɓuke

Ranar da masu awon dam ɗin Bakolori suka kafa jan fegi a gonarmu ta Maradun, ina gefe ina tsinkar yakuwa. Ban wuce shekara bakwai ba. Har yau ina jin warin fentin nan.

Suna juya baya Baba ya tumɓuke shi, ya kawo gida ya kafa, ya ɗaure akuya.

Ƙanensa ya biyo shi. "Yaya, kayan hukuma na fa. Ka mayar tun ba su dawo ba."

Kakarmu tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ƙyale shi. Nono ɗaya na ba ku, amma shi jinin ubanku ya ɗauko, kai kuwa nawa ka kwaso. Ba shi mayarwa."

Bai mayar ba. Ruwa ya ci gonar duk da haka.

Jiya ɗiyata ƙarama ta ƙi durƙusa wa mai unguwa, don ya kore mu daga bakin famfo. Ni jinin Kaka gare ni, ba ni ja da manya. Na ɗaga hannu zan make ta, sai na sauke. Ba ni na koya mata ba, ba kuma dukana zai fitar mata da jinin Baba ba.