Shaidar Baba Direba

Mai walda bai amsa gaisuwar ba. Ya dai sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki, kamar ba shi ne yake tashi ya ba Baba Direba kujera ba a da. Baba ya wuce yana dogara sanda, abin yana cin ransa.

Ya san laifinsa. Shi ya kawo zancen ƙungiyar tsimi da tanadi layin nan. Ya bi gida-gida yana cewa a zuba na shekara biyar a kwashi uwa da riba, mutane kuwa suka zuba don ganin idonsa, ba don sun san shugaban ƙungiyar ba. Da wa'adi ya cika, suka tarar da ofis a garƙame da kwaɗo. A bakin ƙofar nan Baba ya yanke jiki ya faɗi. Sai a gadon asibiti ya farka, 'yarsa Auta na tsaye a kansa da fararen kayanta na nas, likita na ja mata kunne cewa zuciyar tsohon nan ba za ta ɗauki irin wannan sau biyu ba.

Bayan an sallame shi ne kuɗi suka fara shigowa. Wani ƙarshen wata wayarsa ta yi ƙara, ya miƙa wa Auta, don idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Ta duba ta ce ƙungiya ce ta turo wani abu daga cikin nasa, ta kuma roƙe shi ya bar maganar a cikin gida. To, Baba ko mafarki ya yi sai maƙwabta sun ji, balle wannan. Kafin rana ta take ya karaɗe layin yana cewa a yi haƙuri, ana biya bi da bi, na kowa na tafe.

Aka yi haƙurin. Wata ya bi wata, nasa na shigowa, nasu shiru. Tela ya sayar da kekensa ɗaya. Mai ƙanƙara, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta cire babban daga makaranta. Duk sanda suka yunƙura za su kai ƙara hukumar kare haƙƙin jama'a, Baba ke shan gabansu, yana cewa kada su ɓata abin da ya fara gyaruwa. Rannan dai mai walda ya gaji, ya faɗa masa a gaban kowa.

"Baba, ba biyan ka ake yi ba, toshe maka baki ake. Kai kake riƙe musu mu."

Maganar ta soke shi, don shi ma ta taɓa zuwa masa a rai. Me ya sa shi kaɗai? Ya so ya tattauna da Auta, amma ganinta ya yi wuya. Kullum aiki ya ƙaru a asibiti, ta dawo a gajiye, duk ta rame, ga shi a ƙafa take zuwa saboda babur ɗinta yana wajen gyara. Baba, da ya tsufa a kan sitiyari, yakan tsokane ta cewa wannan bakanike nata sabon babur yake ƙerawa. Ita dai murmushi kawai take yi.

Daga ƙarshe mutanen layi suka kai ƙara ba da shi ba. Ba a jima ba sai ga lauyan ƙungiyar a ɗakin Baba, har da durƙusawa. Ya ce a bayanin masu ƙarar ya ji akwai wanda ake biya, kuma idan Baba ya ba da shaida, hukuma za ta gane ƙungiya ba guduwa ta yi ba, jinkiri ne kawai. Bai tambayi nawa ake turowa ba, bai ce a nuna masa wayar ba. Baba ya amince nan take. Ga dama ta samu da zai rantse a gaban jama'a cewa haƙƙinsa yake karɓa, ba kuɗin cin amana ba.

Auta ta ce kada ya je. Ta lallaba, ta kawo zancen hawan jininsa, har ta ɗaga masa murya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ke ma kin bi su ke nan?" in ji shi. "Ubanki ne maciyin hanci?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi hannunsa da ke dafe da ƙirji, ta fasa.

Ranar zaman sauraron ƙarar ɗakin hukumar ya cika maƙil, fanka na juya iska mai zafi. Mutanen layi suka jeru a benci guda, ba wanda ya matsa masa. Shugabar zaman ta yi masa bayani dalla-dalla: idan ya tabbata ƙungiya na biyan ko mutum ɗaya ne, ba za a ƙwace gininta a sayar don biyan masu ƙara ba, za a ƙara mata lokaci. Mai ƙanƙara ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Tausayinta ya kama Baba sosai, amma gaskiya ya zo faɗa, kuma sunansa ya zo wankewa.

Aka ce ya rantse. Ya jingine sandarsa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu. Lauya na ta gyaɗa masa kai. Sai ya ji an riƙe masa gwiwar hannu ta baya. Auta ce, da kayan aikinta, tana haki, idanunta jawur.

"Baba, sauke hannunka," ta ce. "Ƙungiyar nan ko sisi ba ta taɓa turo maka ba. Albashina ne."