Rumawan Ranar Alhamis

Ranar da Malam Umar Faruk ya fara darasin Girkawa, ɗalibai arba'in da ɗaya ne a ajin. Bai gama rubuta kalmar a allo ba wani ya ɗaga murya daga baya: "Malam, me suka girka?" Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, ya ci gaba.

Darasin nan ba ya cikin manhaja. Shi ya roƙi shugaban makaranta, Malam Alu, ya bar masa awar ƙarshe ta Alhamis, don abin da ya karanta ke nan a jami'a, kuma tun da aka turo shi Safana daga Zariya bai sami wanda zai yi wa zancen ba. Ba ya zaman majalisa, ba ya cin kasuwa, ko sunayen garuruwan da ke kewaye da shi bai riƙe ba. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci. Kaɗaici kam ya ci shi, awar nan ita kaɗai ce tasa a duk mako.

Malam Alu ya yarda, amma da sharaɗi. "Muddin akwai mai fahimtar abin da kake faɗa, ko mutum ɗaya ne, aji naka ne. Ranar da babu, na rufe."

To, yara dai kun san su. Suka ce shekarun da yake jerowa sun fi lissafi wuya, ya daina faɗin shekaru. Suka ce Turanci ya yi yawa, ya koma Hausa zalla. Duk da haka, kafin ya gama da biranen Atina da Isfarta saura mutum bakwai, su ma inuwa ta kawo su. Da roron wake ya kama, ko ɗaya bai rage ba.

Sai Inna Kande mai shara. Tsohuwa ce da ta zo a bara cikin 'yan gudun hijira, aka ba ta wani ɗaki a bayan makaranta, ita kaɗai. Kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Duk tsawon zancen Girkawa shara take yi ta wuce, ko kallo bai ishe ta ba. Amma ranar da ya tsaya gaban bencina babu kowa, ya ce don ƙarfin hali, "Yau za mu shiga tarihin Rumawa," sai tsintsiya ta tsaya. Ta jingine ta, ta zauna a bencin ƙarshe, ta juyo masa da kunnen mai ji.

Ya ce garinsu a tsakanin duwatsu yake. Ta gyaɗa kai. Ya ce manoma ne, amma in yaƙi ya taso sai su ajiye garma su ɗauki mashi, maƙwabta duk suna shakkarsu.

"Maza ke nan," in ji ta.

Wallahi daɗin da ya ji ranar, ko albashi bai taɓa ba shi irinsa ba. Ya koma guge rigarsa ranar Laraba. Yana shirya darasi kamar mai zuwa gaban furofesoshi. Sunayen sarakuna in ya jero takan ɗan ɓata fuska kamar mai laluben wani abu, ya ce a ransa tsufa ne. Bai taɓa tambayarta daga ina ta fito ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mako tara ba ta yi fashi ba, har ranar da take zazzaɓi.

Alhamis ta ƙarshen zango Malam Alu ya zo da kansa, ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi bencina, ya dubi tsohuwa. Umar Faruk ya ɗauki alli. Darasin ranar shi ne faɗuwar birnin Rumawan, maƙwabtan Girkawa, ya kuwa ba da shi da duk ƙarfinsa. Ya faɗi yadda mahara suka daɗe suna kewaya gari suna karɓar abin da aka ba su don su tafi, su kuma dawo. Yadda askarawa suka yi nisa, aka yi ta aike babu amsa. Yadda aka ce wani na ciki ne ya buɗe musu ƙofa. Kwana uku suna ƙone-ƙone da kwasar mutane, waɗanda suka tsira suka watsu garuruwan wasu.

Da ya juyo daga allo, Inna Kande na share hawaye da bakin mayafi.

"Ranka ya daɗe, ga mai fahimta," in ji Umar Faruk. "Tambaye ta."

Malam Alu ya matso, ya rage tsawo. "Inna, kin gane abin da malamin nan yake koyarwa?"

"Na gane sarai, ɗan nan. Allah Ya yi masa albarka, bai ƙara ba bai rage ba. Wuri ɗaya ya kuskure, ba kwana uku suka yi ba, tsakanin azahar da la'asar suka gama da ƙauyenmu." Ta juya ga Umar Faruk. "Malam, ni ma Barumiya ce, daga ƙasar Ruma ta nan Batsari. Tun ranar farko nake zaune ina jira in ji ko littafin naku ya rubuta sunan maigidana cikin waɗanda aka kashe, Daudu sunansa."