Addu'a ga Mai Ƙoda

"Hansai, ƙaro shinkafa!" Hajiya, uwar mijina, ta ƙwala mini kira daga falo.

Na ɗauko tukunya ina cije leɓe. Flat ɗinmu na unguwar Abbey Wood, a nan ƙasar waje, ya cika maƙil. Walimar godiya ake yi, an yi wa mijina, Alhaji Nuruddeen, dashen ƙoda kuma ya samu lafiya.

Ya miƙe yana ta godiya. Ya gode wa likitoci, ya gode wa yayansa da ya taso daga Kano, har maƙwabcin da ke kai shi dialysis, wato wankin ƙoda, bai manta ba. Sunana bai fito ba.

"Wai wa ya ba da ƙodar?" in ji liman.

"Wani bawan Allah ne da ya rasu a hatsarin mota," Alhaji ya amsa, ko kallona bai yi ba.

Hajiya ta share hawaye, ta harare ni. "Bare ya ceci ɗana, wata kuwa a lokacin tana can kwance wai an yi mata aikin fibroid a mahaifa."

Liman ya ɗaga hannu. "Allah Ya jiƙan mai ƙodar nan, Ya haskaka kabarinsa."

Na dafe ɗinkin da ke gefen cikina. Tun a asibiti Alhaji ya roƙe ni in rufa masa asiri, kada a ji a Kano cewa da ƙodar mace yake yawo.

"Hansai, ba ki ce amin ba," in ji Hajiya.

Na dire tukunyar a gaban Alhaji.

"Hajiya, ina kika taɓa jin gawa ta ce amin?"