Ma'aunin Ƙofar Gandu

Tun da aka mai da garinsu gandun yawon buɗe ido, ake auna nauyin kowa a ƙofa, shiga da fita, don kada a ɗauki ko tsakuwa.

Inna Tabawa ta bi baƙi cikin kwazazzabo. Suna hoton jajayen duwatsu, ita tana laluben inda aka binne 'yarta. Ta damƙi ƙasa, ta ƙulle a bakin zane.

Wajen fita ma'auni ya nuna daidai yadda ta shiga. Mai gadi ya yi dariya.

"Inna, a wannan zafin kowa sai ya ragu, ban da ke. Kwance ƙullin."

"Ɗana, ƙasar kabarin Asabe ce."

"Babu kabari a taswirarmu."

Ya zazzage ta a kan ma'aunin, ya ce na baya ya hau.