Ruwan da Ke Tono Inuwa

Mai hoto ya tsaya da kwalabe biyu na ruwan wanke fim, ya rasa wanda zai zuba. A tsohuwar kyamara ya tsinci fim ɗin, cikin akwatin marigayiya matarsa da ya shekara bakwai a kulle. Ya tsufa yana ɗaukar mutane, ita kuwa ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Ga shi kamanninta sun fara ɓace masa.

"Yaya, zuba mai sanyin," in ji ƙaninsa. "Mai ƙarfin nan har abin da ba ka tambaya ba sai ya tono."

"Kai dai matsoraci ne. Fim sau ɗaya ake wanke shi, ni ko inuwarta ce ina so."

Ya zuba mai ƙarfin.

Da ya ɗaga fim ɗin ga hasken taga, babu ita. Duk shi ne: yana cin abinci, yana gyangyaɗi, yana dariya.

"Ashe ita ke ɗaukarka a ɓoye," in ji ƙanin.

Mai hoto ya ƙura wa fim ɗin ido. A hoton ƙarshe yana zaune bakin gado, riƙe da sandar da ya fara dogarawa bara.